Linux, Microsoft, Cisco ko gajimare: ta wace ƙofa za ka shiga aikin injiniyan tsarin kwamfuta?

Injiniyan tsarin kwamfuta shi ake nema idan manhajar banki ta tsaya cak ranar biyan albashi, ko shafin rajistar jami'a ya ƙi buɗewa ana gobe za a rufe. Ba shi ya rubuta manhajar ba. Aikinsa kula da abin da manhajar take zaune a kai: manyan kwamfutocin da ake kira saba, hanyoyin da suke bi su yi magana da juna, ma'ajiyar bayanai, asusun ma'aikata da kalmomin sirrinsu, kwafin ajiya na ko-ta-kwana, da sabunta duk waɗannan ba tare da an tsayar wa jama'a da aiki ba. Wanda ya ƙware yana taɓa kowanne daga cikinsu, amma ba wanda ya fara da su gaba ɗaya. Kowa da ƙofar da ya fara shiga ta cikinta.

Ƙofofin da aka fi bi guda huɗu ne: Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows), kayan Microsoft, netwok (haɗa kwamfutoci su yi magana da juna) ta hanyar kamfanin Cisco, da fasahar gajimare (hayar saba ta intanet). Matashin da ya gama bautar ƙasa, ko wanda ya gaji da gyaran laftof yana son ya matsa gaba, yakan tsaya a nan ya rasa wadda zai bi, domin kowace tana da masu yabonta, kuɗin jarrabawar samun satifiket ɗin kowace kuma da dala ake biya. Taura biyu ba ta taunuwa, ballantana huɗu, don haka dole a zaɓa.

Abubuwan da za mu auna da su

Na farko kuɗi. Ba kuɗin jarrabawa kawai ba, har da na kayan gwaji, data, da abin da za ka sake biya idan satifiket ya ƙare. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,000, don haka jarrabawar dala 300 ta zama abin da sai an yi tanadi. Farashin da zan kawo na dala ne, kuma kamfanonin suna sauya shi lokaci-lokaci, saboda haka ka duba shafinsu kafin ka biya.

Na biyu ƙarko, kuma iri biyu ne: shekarun da takardar take yi kafin ta mutu, da shekarun da ilimin kansa yake yi yana amfani. Na biyun ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Na uku sauƙin koyo da abin da ke hannunka. Kana da laftof mai RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) nawa? Wuta tana samuwa? Data tana isarka? Na huɗu haɗari: na faɗuwa jarrabawa, na asarar kuɗi, da na kamfani ya sauya ra'ayi ya bar ka da ilimin da ba mai nema. Na ƙarshe, wa yake ɗaukar mai wannan ilimi aiki, kuma a ina yake.

Linux

Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, kuma yau yawancin sabobin da ke riƙe da intanet a kansa suke tafiya. Tun ƙarshen 2017, duk manyan kwamfutoci 500 da suka fi ƙarfi a duniya Linux suke amfani da shi. Takarda mai nauyi ga mai farawa a wannan fanni ita ce RHCSA ta kamfanin Red Hat, wanda IBM ta saya a 2019.

Wajen koyo, ba hanyar da ta kai wannan araha. Rocky Linux da AlmaLinux nau'o'in Linux ne na kyauta, kuma kusan daidai suke da Red Hat Enterprise Linux. Ita ma Red Hat tana ba ɗaiɗaikun mutane lasisin kyauta na na'ura har 16. Ka sauke manhajar VirtualBox, ka ƙirƙiri kwamfutocin kwaikwayo biyu da ita a cikin laftof ɗinka mai RAM gigabait 8, shi ke nan ka samu ɗakin gwaji. Da zarar ka sauke fayil ɗin girkawa sau ɗaya, mafi yawan aikin ba ya buƙatar intanet, kuma littafin bayanin kowane umarni yana cikin na'urar. Ga wanda data ke yi wa tsada, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsadar tana wajen jarrabawa, wajen dala 500. Kuma ba ta zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu ba ce. Za a ajiye maka na'ura a ba ka ayyuka: ƙirƙiri masu amfani da izininsu, raba faifan ajiya da LVM, gyara SELinux (tsarin tsaron Linux), buɗe ƙofa a katangar tsaro, sa wani aiki ya riƙa tashi da kansa. Ana neman maki 210 cikin 300. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne, sai an sake kunna na'urar ake duba aikinka. Duk saitin da bai tsira ba, kamar ba ka yi ba ne. Kuskure ɗaya a fayil ɗin fstab, wanda ke faɗa wa na'ura faifan da za ta haɗa idan ta tashi, yana iya hana na'urar tashi. Wannan tsananin ne ya sa nake ganin girman takardar, domin ba a haddace ta. Mai ɗaukar aiki ya san wanda ya ci ya taɓa na'ura da hannunsa. Idan daga gida za ka rubuta, sai ka tayar da kwamfutarka daga filashi na musamman, da kyamara ta daban, da intanet da wutar da ba za su yanke ba na tsawon sa'o'i. Wannan sharaɗin ka yi masa shiri tun da wuri.

Takardar shekara uku take yi. Ilimin kuwa ya fi haka ƙarko ƙwarai. Yadda ake ba da izinin fayil, da yadda ake haɗa umarni da umarni, daga Unix, magabacin Linux na shekarun 1970, aka gaje su. An yi sauye-sauye, kamar shigowar systemd (mai tayar da ayyuka idan an kunna na'ura), kuma masu dogaro da CentOS, wani nau'in Linux, sun ji jiki lokacin da aka katse tallafin CentOS 8 a ƙarshen 2021, sannan CentOS 7 ta ƙare a watan Yunin 2024. Amma wanda ya iya aikin, ƙaura kawai ya yi zuwa Rocky ko Alma ko Ubuntu, hannunsa bai manta komai ba.

Wahalarta tana farko. Watannin farko baƙin allo ne da rubutu, ba abin latsawa, kuma nan ne da yawa suke sarewa. Sannan ƙananan ofisoshi ba su cika neman mai Linux zalla ba. Masu nemansa su ne bankuna, kamfanonin biyan kuɗi ta waya, kamfanonin sadarwa, da cibiyoyin ajiyar bayanai, waɗanda yawancinsu a Legas da Abuja suke, duk da cewa Galaxy Backbone tana da cibiya a Kano. Aikin daga gida na kamfanonin waje ma kusan kullum Linux yana cikin sharuɗɗansa.

Microsoft

Shiga duk ma'aikatar da kake so, asibiti, reshen banki ko ofishin ƙungiyar agaji, Windows za ka tarar a kan tebura. Wani ne yake buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, ya rufe na wanda ya bar aiki, ya hana a sa filashi, ya tura sabuntawa ga kwamfuta ɗari biyu lokaci guda. Da Active Directory ake wannan, wanda ya zo tare da Windows 2000, da Group Policy, da PowerShell (inda ake rubuta wa Windows umarni). Yanzu kuma an ƙara Microsoft 365, Intune, da Entra ID, wanda har zuwa 2023 sunansa Azure AD.

Shiga ta nan ta fi sauƙi, saboda ka saba da fuskar Windows. Kamfanin yana ba da Windows Server na gwaji kyauta na kwana 180, darussan Microsoft Learn ma kyauta ne. Sai dai ɗakin gwajinsa yana cin RAM. Saba ɗaya da kwamfutar ma'aikaci ɗaya ko biyu a cikin laftof, gigabait 16 ne zai sa ka yi aiki cikin natsuwa.

Jarrabawa irin AZ-104 ta mai kula da Azure, wato gajimaren Microsoft, dala 165 ce a Amurka, kuma farashin yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka duba na ƙasarka. Ana cin ta da maki 700 cikin 1,000. Takardar shekara ɗaya kacal take yi, amma sabuntawa kyauta ce ta intanet, a cikin wata shida kafin ta ƙare. Wanda ya yi sakaci ranar ta wuce, sai ya sake biya ya sake zama.

Haɗarin da nake so ka lura da shi shi ne, kamfani ɗaya ke riƙe da linzamin. A watan Janairun 2021 Microsoft ta yi ritayar MCSA da MCSE, takardun da mutane suka yi shekaru suna nema, ta karkata zuwa Azure. Sunayen kayan suna sauyawa, wuraren latsawa suna ƙaura. Akwai kuma tarko na biyu: saboda komai ana iya yinsa da linzamin kwamfuta, mutum yana iya shekara biyar yana sake wa ma'aikata kalmar sirri da gyara firinta, yana ganin yana ci gaba alhali yana nan inda yake. Maganin wannan PowerShell ne. Duk aikin da ka maimaita sau uku, ka rubuta masa umarnin da zai yi shi da kansa. Wanda ya yi haka ne yake tashi daga teburin taimako zuwa injiniya.

Cisco da netwok

CCNA ta Cisco ita ce takardar da aka fi sani a Najeriya, har waɗanda ba 'yan fannin ba sun san sunanta. Jarrabawar yanzu, mai lamba 200-301, ta fara a watan Fabrairun 2020. Dala 300 ce, minti 120, kuma takardar tana yin shekara uku. Packet Tracer, manhajar da ake kwaikwayon rauta da suwic (na'urorin da ke haɗa netwok) a cikinta, kyauta ce ta Cisco Networking Academy, kuma tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta.

Abin da za ka koya shi ne yadda saƙo yake tashi daga wannan na'ura ya isa waccan: adireshin IP da yadda ake yanka shi gida-gida, VLAN (raba netwok ɗaya kashi-kashi), ƙa'idoji irin su OSPF, NAT da DHCP, da dokokin wa zai wuce wa ba zai wuce ba. Lissafin yankan adireshi yana ba mutane wuya da farko, amma da yawan gwaji yake zama jiki. Wajen ƙarko, wannan ilimin yana sahun gaba. An rubuta ƙa'idar adireshin IP ta IPv4 a 1981 kuma har gobe da ita ake aiki. Ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace na kusan awa shida, asalin matsalar kuskuren saiti ne a hanyoyin sadarwar kamfanin, wanda ya sa sauran intanet suka kasa gano inda sabobinsa suke. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma, da kebul-kebul na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, kuma injiniyoyin netwok ne suka yi ta karkatar da zirga-zirgar bayanai ta hanyoyin da suka rage.

Abu biyu za ka sani. Na ɗaya, a wurin aiki ba lallai ka tarar da kayan Cisco ba. Kamfanonin sadarwa suna amfani da Huawei sosai, ƙananan masu raba intanet kuma MikroTik suka fi saya saboda araha. Ƙa'idojin ɗaya ne, yadda ake rubuta umarnin ne ya bambanta, kuma sauyawa ba ta ɗaukar lokaci. Na biyu, aikin farko yakan zama na fita: jan waya, hawa rufi, zuwa rassa a garuruwa daban-daban. Alherinsa shi ne irin wannan aikin yana ko'ina, a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi, duk inda makaranta ko otal ko asibiti ke son intanet ta kai kowane ɗaki. Amma CCNA ita kaɗai injiniyan netwok take fitarwa. Sai ka ɗora mata Linux ko Windows Server kafin a ba ka amanar saba.

Masu sayar da tambayoyin jarrabawa na sata sun fi yawa a wannan fannin. Ka guje su. Cisco tana iya soke takardarka, kuma ko bai gano ba, tambaya biyu a ganawar neman aiki ta isa ta tona asiri.

Gajimare

Gajimare haya ce: maimakon kamfani ya sayi saba ya sa mata janareta da na'urar sanyaya ɗaki, sai ya hayi ta Amazon ko Microsoft ko Google ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. AWS, wato gajimaren Amazon, ta fara a 2006. Microsoft ta buɗe cibiyoyin Azure a Afirka ta Kudu a 2019, AWS ta buɗe tata a Cape Town a 2020.

Jarrabawar Solutions Architect Associate ta AWS dala 150 ce, tambaya 65 cikin minti 130, ana ci da maki 720 cikin 1,000, takardar kuma shekara uku. Wanda ya ci ana ba shi rangwamen rabin kuɗi a jarrabawa ta gaba. A takarda ita ce mai araha, kuma ita ce aka fi yayatawa, har shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, na koyar da fasahar zamani, ya sa gajimare cikin fannoninsa.

Amma ban yarda a fara da ita ba, kuma ga dalilina. Sabar da za ka tayar a AWS, galibi Linux ce a ciki. Keɓantacciyar hanyar da za ka gina mata, yankan adireshin IP ne irin na CCNA. Dokokin tsaronta katangar tsaro ce da aka sauya wa suna. Mutum yana iya haddace sunayen hidimomi hamsin ya ci jarrabawa, amma ranar da saba ta ƙi amsawa ba zai san ko matsalar DNS ce (tsarin da ke mayar da sunan shafi adireshin IP), ko faifai ne ya cika, ko wata ƙofa ce a rufe ba. Masu riƙe da takardar sun yi yawa, kuma masu ɗaukar aiki sun gane bambancin.

Haɗarin kuɗi ma ya fi yawa a nan. Ba a gwaji sai da intanet, kuma buɗe asusu yana buƙatar katin banki. Abin da ake ba sabon shiga kyauta yana da iyaka. Ka manta da saba a kunne, ko ka saka mabuɗin asusunka a GitHub (shafin da masu manhaja ke ajiye aikinsu) ɓarayi su ɗauka su haƙi kuɗin kirifto da shi, sai bashin dala ya hau kanka. Ranar da ka buɗe asusu, kafin komai, ka saita gargaɗin kashe kuɗi da tantancewa mai mataki biyu. Wajen ƙarko, ra'ayoyin suna daɗewa, amma hidimomin suna sauyawa duk shekara. A ɗaya ɓangaren, idan an haɗa ta da tushe mai kyau, ita ce ta fi buɗe ƙofar aiki mai biyan dala, musamman ga wanda ya ƙara da kayan aiki irin su Terraform, Docker da Kubernetes.

A taƙaice cikin jadawali

| | Linux (RHCSA) | Microsoft (AZ-104) | Cisco (CCNA) | AWS (Associate) |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin jarrabawa | wajen dala 500 | dala 165 a Amurka | dala 300 | dala 150 |
| Wa'adin takarda | shekara 3 | shekara 1, sabuntawa kyauta | shekara 3 | shekara 3 |
| Irin jarrabawa | aiki da hannu zalla | galibi tambayoyi | tambayoyi da ɗan gwaji | tambayoyi |
| Kayan gwaji | laftof, RAM 8 | laftof, RAM 16 | kowace laftof | intanet da katin banki |
| Ƙarkon ilimi | sosai | matsakaici | sosai | matsakaici |
| Babban haɗari | faɗuwa mai tsada | sauyin kamfani | tsayawa a jan waya | bashin dala, rashin tushe |

Akwai abin da jadawali ba zai nuna ba, kuma ya shafi duk ƙofofin huɗu. Aikin yana da jiran kira, wato a iya nemanka a kowane lokaci idan abu ya lalace. Manyan sauye-sauye da dare ake yinsu ko a ƙarshen mako, lokacin da ma'aikata ba sa kan na'ura, kuma wayarka tana iya ƙara ana tsakiyar shagalin sallah. Ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawa ɗaya mai matsala daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, kuma da yawansu sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka gyara da hannu. Idan kana da iyali, ka tambayi yadda ake rabon jiran kira tun a ganawar neman aiki. Sannan aiki ne na amana: za ka iya ganin albashin kowa da saƙonnin kowa, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da ta hau kan duk ma'aikatar da ke riƙe da su.

Wa ya dace da wace

Idan kana aiki a ofishin da ke amfani da Windows, kuma kai ake kira idan firinta ta ƙi, ka bi Microsoft. Na'urorin gwajinka suna gabanka kullum. Ka roƙi mai kula da saba ya riƙa ba ka ƙananan ayyuka a Active Directory, ka dage da PowerShell, sannan ka nemi AZ-104.

Idan kana garin da ba manyan kamfanoni, kuma kana buƙatar abin da zai fara kawo kuɗi cikin watanni, CCNA ce taka. Ka haɗa da ƙaramar rautar MikroTik ta hannu don ka saba da kayan da za ka tarar a fili. Ko kafin ka tara kuɗin jarrabawa, ilimin zai iya samo maka aikin haɗa intanet a makarantu da shaguna.

Idan ɗalibi ne kai, ko kina gida da laftof da lokaci amma ba kuɗi, Linux. Wata shida na gwaji kullum ba zai ci komai ba sai wuta, kuma ba dole ne a biya dala 500 nan take ba. A girka sabar yanar gizo, a ɓata ta da gangan, a gyara, a yi kwafin ajiya a gwada dawo da shi, a rubuta duk abin da aka yi a GitHub. Jarrabawar ta jira sai an samu aiki, wataƙila ma wurin aikin ya biya.

Idan ka riga ka iya rubuta manhaja, ko ka shekara biyu kana kula da saba, ka tafi gajimare kai tsaye. Ka zaɓi Azure idan ma'aikatarka ta Microsoft ce, AWS idan kamfanonin fasaha da aikin waje kake hange.

Wanda kuma bai ga kansa a ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ga jerin da zan ba shi: wata biyu a Packet Tracer har yankan adireshi da VLAN su zauna masa, ba tare da ya biya jarrabawa ba, sai wata shida a Linux, sannan ya buɗe asusun AWS ya sake gina abin da ya gina a laftof ɗinsa. Kuɗin jarrabawar farko ya ajiye shi har sai ya ga takardar da tallan aikin da yake nema suka fi ambata.